Dankalin da Ba a Ci

A ƙasarmu tambaya ɗaya ake yi wa shuka: me take haifarwa? In gero ne a ce tuwo da fura, in rama ce a ce miya da igiya, in lalle ne a ce ƙunshin amarya. Wadda ba ta da amsa kuwa sunanta ciyawa, maganinta fartanya. To, ni yau shekara 14 ke nan ina noman wata aba a bayan gidana, a nan Jos, wadda ba ta da amsar wannan tambaya. Sunanta daliya. Fure ne zalla, ko ƙanshi na kirki ba shi da shi. Maƙwabta sun raɗa mata "dankalin Malam", domin in an tone ta sai ka ga saiwoyi dunƙule-dunƙule kamar dankalin Hausa an ɗaure shi a wuya guda. Uwargida kuwa duk damina sai ta maimaita mini karatunta: "Malam, kunya ukun nan da ka ba fure, da alayyafo ka zuba da mun rage kuɗin cefane." Gaskiyarta, ban taɓa musa mata ba.

A hannun wani dattijo na sami irin, wanda kowa ke kira Baba mai lambu. Tun yana yaro ya koyi aikin a gidajen Turawan haƙar kuza na wajen Bukuru, da suka tafi kuma ya ci gaba da abinsa a wani ɗan fili kusa da rafi. Ranar da ya ba ni saiwa ta farko bai yi dogon bayani ba. Ya kama ta ya nuna mini inda ta haɗu da tsohon kara, ya ce, "Ɗana, wuya za ka duba. In babu ido a wuya, ko ta kai doya girma, jefar da ita." Haka abin yake. Dankalin Turawa yana da idanu a duk jikinsa, ka yanka shi gida huɗu kowane ya tsiro. Daliya kuwa idonta a wuya kaɗai yake. Saiwar rumbu ce kawai, rai yana can sama a wurin da bai fi ƙwayar dawa ba.

Baba ya haɗa mini da wani tsohon littafi marar bango, bugun Ingila. Littafin ya ce kada a shuka sai sanyin ƙarshe ya wuce, wajen ƙarshen watan Mayu, kada kuma a tone sai sanyin farko ya daskarar da raɓa ya ƙone ganyen ya yi baƙi. Jos gari ne mai sanyi, tudunsa ya kai wajen mita 1,200, amma hunturunmu ba ya yin wannan aiki. Da na karanta wa Baba sai ya yi dariya, ya ce, "Ai Turawan ma da suna nan ba su jira shi ba. Ruwa ya sauka ka shuka, ruwa ya ɗauke ka tone."

Da yake labarin ƙasa nake koyarwa, sai abin ya tsaya mini a rai, na shiga neman asalinta. Ashe ba 'yar Turai ba ce. 'Yar tsaunukan Meziko ce da ƙasashen da ke kudu da ita, inda ake da irinta na daji wajen 40. Mutanen Aztek sun san ta tun kafin zuwan Sifaniyawa, har suna cin saiwar. A 1789 aka aika da irinta daga birnin Meziko zuwa lambun sarki na Madarid, inda Antonio José Cavanilles ya rene ta, ya kuma sa mata suna a 1791 don tunawa da wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Anders Dahl. Meziko ta ɗauke ta furen ƙasa a 1963. Abin da ya fi kama hankalina shi ne yanayin can: tudu mai sanyi, damina daga wajen Yuni zuwa Oktoba, sai rani mai tsawo ba ruwa. Mai karatu, wannan ai kwatancin Jos ne. Saiwar nan guzurin rani ce. Duk dokokin da littafin ya jera na ɓoye ta daga ƙanƙara, dabarun baƙunta ne da Bature ya ƙago don ta rayu a ƙasar da ba tata ba. Maganar Baba ta "ruwa ya sauka, ruwa ya ɗauke" ta fi kusa da abin da shukar ta sani a jikinta, alhali bai taɓa jin sunan Meziko ba.

Ga yadda nake yi. A watan Afrilu, bayan ruwa na biyu ko na uku, nakan tayar da kunya mai tudu, domin ƙiyayyarta da kwanciyar ruwa ta fi ƙiyayyarta da fari, kuma ruwan Agusta a Jos ba ya wasa. Nakan zuba ruɓaɓɓen takin shanu, in kafa sanda tun kafin in binne saiwar don kada in soke ta daga baya, in bar tazarar santimita 60 tsakani. Idan ta yi ganye jere uku ko huɗu sai in tsinke kanta, ta yi rassa. Karanta rami ne kamar bututu, iska kaɗan ta karya shi, don haka ɗauri ba ya ƙarewa. Abokan gaba kuwa ga gara, ga katantanwa, ga darɓa, ga ƙanƙarar farkon damina da ke yayyage ganye cikin minti biyar, ga kuma akuyar maƙwabta wadda ba ta cikin kowane littafi.

Wannan noman lambu ke nan. Noman gasa kuwa wata sana'a ce dabam, kuma a nan ne Bature ya nuna cewa lallai ya mai da baƙuwa 'yar gida. A Ingila an kafa ƙungiyar masu daliya ta ƙasa tun 1881, ta Amurka kuma a 1915. Sun kasa furen aji-aji bisa siffa da girma: akwai mai tsinin kunnuwa kamar ƙaya, akwai dunƙulalle kamar ƙwallo, akwai ƙanana da ba su wuce santimita 5 da ɗan wani abu ba, akwai ƙattai da suka haura santimita 25, faɗin faranti. Alƙalai har zobe suke da shi na awo. Abin da ya sa siffofin suka yi yawa haka shi ne daliyar lambu tana ɗauke da jerin ƙwayoyin gado ninki 8, inda yawancin halittu ke da 2. Shi ya sa in ka shuka ƙwayar irinta ba za ta haifi mai kama da uwa ba, sai dai a raba saiwa ko a dasa toho. An samu ja, fari, rawaya, ruwan goro, ruwan hoda, shunayya, amma har yau ba a samu shuɗi na gaskiya ba.

Mai son ƙaton fure dole ya zama marar tausayi. Zai bar rassa uku ko huɗu kacal a jikin shuka. Kowane reshe yakan fito da kawuna uku a ƙarshensa, sai ya tsinke biyu na gefe tun suna kamar wake, ya bi ƙasa yana cire duk tohon da ya leƙo daga hammatar ganye, don abinci duka ya tafi wuri guda. Shukar da za ta ba ka fure 30 sai ta ba ka 4. Sa'an nan a yi musu rumfa don ruwa kada ya ɓata su, a yanke da sassafe a tsoma a ruwa nan take, kuma sai sun buɗe sosai, domin daliya ba ta ƙara buɗewa bayan an yanke ta. Alƙali zai duba gaba, ya juya ya duba baya, ya ga ko ukun da ke tulu ɗaya sun yi kama kamar 'yan uku. Na san 'yan'uwana marubuta za su ce sun gane inda na dosa, wato gyaran rubutu. To, kowa ya ɗauki abin da ya ga dama, ni dai fure nake nufi.

Sai dai akwai sharaɗi guda da sararin samaniyarmu ba ya goyon baya. Alƙalai suna son tsakiyar fure ta kasance a rufe, kada a ga rawayan idon nan. Daliya kuwa tana auna tsawon yini. In rana ta gaza awa 12 sai ta yi hanzarin fure, ta mai da ƙarfinta ga saiwa, furen ya fito da ido a buɗe. A Ingila yinin bazara yakan wuce awa 16, shuka ta yi ta girma a natse. Mu a nan yininmu bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara. Manoman wasu ƙasashe sukan kunna fitila da dare su ruɗe ta, amma malamin makaranta da ke gyara takardun jarrabawa da tocila ba zai kunna wa fure ƙwai ba. A ganina wannan doka ma'aunin wata ƙasa ce, kuma ƙudan zuma ba su yarda da ita ba: furen da alƙali zai kayar shi suke rububi, rufaffen kuwa ba su da hanyar shiga.

Duk da haka ban raina gasa ba. Ita ce ta koya mini kallo, domin wanda bai taɓa neman fure uku masu kama ɗaya cikin ashirin ba bai san yadda suka bambanta ba. Kowace shekara nakan ware shuka uku in yi musu horon gasa, saboda ɗan baje kolin da ƙungiyar matasa manoma ta makarantarmu ke yi, inda ake jera su tsakanin kabeji da karas. Sauran kuwa na sake su, su yi yadda suka so.

Baba ya rasu a 2016, filinsa kuma yanzu gidan bulo ne. A cikin abin da ya ba ni akwai wata ja mai duhu kamar zoɓo, wadda shi kansa bai san sunanta na Turanci ba. Iyakar sanina ba ta rage ba sai a wurina da wurin tsofaffin ɗalibaina biyu da na raba wa. A daminar bana huɗu daga cikin tara da nake da su suka fito da ganye mai dabbare-dabbare, suka tsumbure. Cutar bairos ce, darɓa ke yaɗa ta, tana zama cikin saiwa, kuma ba ta da magani sai wuta. Na tuge su na ƙone, uwargida na tsaye ba ta ce uffan ba. Biyar ɗin da suka rage na tone su a watan Nuwamba, na kife su a inuwa kwana bakwai don ruwan cikin kara ya tsiyaye, na barbaɗa musu toka saboda gara, na binne su cikin busasshen yashi a tsohuwar randa. Duk mako biyu nakan buɗe in taɓa su, wadda ta fara laushi in fitar da ita. Ido ba ya nunawa sosai sai iska ta juya a ƙarshen Maris, sa'an nan zan san nawa zan raba.