Kayanmu da Ke Aro a Faransa

A al'adarmu, in mutum zai ari abu sai ya yi sallama, ya roƙa, mai kaya ya ɗauko da hannunsa ya ba shi. Amma akwai wani aro da ya ɗaure mini kai, don kuwa sai da kayan suka isa gidan mai ara, sa'an nan aka nemi yardar mai su.

Ga yadda aka yi. A shekarar 2000 Shugaba Jacques Chirac ya buɗe wani sabon sashe a gidan tarihi na Louvre, a birnin Paris. Cikin abin da aka baje akwai biyu daga cikin mutum-mutumi uku na gasasshen yumɓu da Faransa ta saya, waɗanda aka fitar daga Nijeriya; cikin ukun, biyu na Nok ne, ɗaya kuma irin wanda masana ke kira na Sakkwato. A hannun wani dillali na Beljiyam aka saye su, alhali dokar ƙasarmu ta 1979 ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. Da surutu ya yi yawa, a 2002 Faransa ta yarda na Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, tare da damar sabuntawa. Wa'adin zai cika a 2027.

Na Sakkwaton nan shi ya tsaya mini a rai. An ƙiyasta irinsa sun kai shekara 2,000. To, amma da yake a ɓoye ake tono su, ba mai rubuta wurin, ko zurfin ramin, ko abin da ke kusa da su. Ko an dawo da shi yau, rabin labarinsa ya riga ya salwanta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni a Tambuwal nake karatu, amma a Kebbe nake hutu wurin kakata. Wata rana wani baƙo ya bi gida-gida yana cigiyar tsofaffin takubba, da littattafan hannu, da duk abin da manomi ya tono a kufai. Ya taya takobin kakanmu da kuɗin da ba mu taɓa riƙewa ba, ga shi kuwa rumbu ya yi ƙasa. Kaka ta dube shi ta ce, "Malam, wanga abu ba na saidawa ba na." Ba kowane gida ne ya iya faɗin haka ba, don yunwa ba ta san gado ba.

Wasu kan ce ai mutum-mutumin nan gumaka ne, a bar wa Turawa. Ni kuwa ina ganin ba don bauta ake nemansu ba. Shaida ce, kamar ganuwar Surame, cewa an yi mutane masu hikima a ƙasar nan tun kafin mu.

Mutanen Binin ba su gaji da neman kayansu da sojan Ingila suka kwashe a 1897 ba. Jamus ta fara mayarwa a 2022, Holan kuma ta mayar da 119 a 2025. Mu fa, wa zai tambayi namu?

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, kowa ya tafi hutu ya tambayi tsofaffin gidansu abin da aka gada, ya rubuta sunansa da tarihinsa. Wanda ya tono wani abu a gona ya sanar da hakimi, a kai maganar gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Mai kayan da bai san kayansa ba, da wuya a mayar masa. Allah ya sa mu gane, amin.