NA SAYI ADO, NA BAR BIRKI

Hannun da na rubuta wannan takarda da shi ya taɓa karyewa, har ya yi mako shida a ɗaure ba ya iya riƙe alƙalami. Labarin yadda ya karye nake so in ba ku, domin na tabbata akwai masu hawan keke da yawa a ƙasar nan waɗanda suke kan hanyar da na bi, ko da yake ba su sani ba.

Ni mutumin ƙasar Zazzau ne, amma fiye da shekara 30 ke nan ina zaune a unguwar Sabo cikin birnin Ibadan, wanda mu Hausawa muke kira Badun. Aikina shi ne rubuta wa fataken hatsi da wake lissafin shigar kaya da fitarsu a kasuwar Bodija. A da, ƙananan motocin haya nake shiga safe da yamma. To, tun daga ran 29 ga watan Mayu na 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, sai kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, har na ga abin da nake biya a hanya yana neman cinye kuɗin cefane. A nan ne na tuna da basukur ɗin mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Baƙin Raleigh ne, ƙirar birnin Nottingham na Ingila, mai birkin ƙarfe da akwatin sarƙa da fitilar dainamo. Kowace Jumma'a da safe yakan goge shi har mutum ya ga fuskarsa a jikin ƙarfen. Wannan ƙyalli shi ne ya zauna mini a rai tun ina yaro. Akwai wata al'ada tasa kuma wadda sai daga baya na tuna da ita: bai taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba sai ya matsa birkin gaba da na baya ya tura keken ya ga ya ƙi motsi.

Na tara 'yan kuɗi na sayi keke na gwanjo, irin na zamani mai giya da birkin waya. Duk wanda ya san Badun kuwa ya san ba kamar Kano take ba. Kano a shimfiɗe take kamar faifai, Badun kuwa hawa ce da gangara, kuma mu mutanen Sabo a gindin tudun Mokola muke. A irin wannan gari, ran mai keke a hannun birkinsa yake, bayan ikon Allah.

Ba a yi wata takwas ba sai birkin baya ya soma kuka, na gaba kuma sai na matse shi har ya taɓa kan keken kafin ya kama. Ranar wata Asabar da la'asar na sa Naira 12,000 a aljihu na nufi rumfar wani dattijo mai gyaran keke, wanda kowa yake kira Baba. Rumfar tasa majalisa ce sosai. Akwai masu gadi, akwai masu kai burodi, akwai wani malamin makaranta da ya yi ritaya, ga kuma waɗansu samari masu kekunan tsere da matsattsun riguna. Bayan mun gaisa sai na ce, "Baba, birkina ya gaji. Wace irin roba ta dace da wannan keke, kuma a ina zan sami mai kyau?"

Baba ya miƙa hannu zai taɓa birkin ke nan, sai wani mai gadi ya ce, "Malam, ai wannan naka ba keke ba ne, gwangwani ne. Tun da Raleigh ya yi wuya aka daina keke a Nijeriya." Wani mai burodi ya ce sam, Phoenix na ƙasar Sin ya fi kowanne ɗaukar kaya. Na kusa da shi ya ce Hero na Indiya bai bar masa komai ba. Ɗaya daga cikin samarin ya yi dariya ya ce duk wannan tarihi ne, yanzu ana duba kayan Shimano na Japan ne a jikin keke.

Da jin an ambaci tarihi sai malamin makaranta ya gyara zama. Ya gaya mana cewa irin keken da muke hawa yau, mai ƙafafu biyu kusan daidai da sarƙa mai juya ta baya, wani Bature ne mai suna John Kemp Starley ya fito da shi a garin Coventry cikin 1885. Ya ce tayar da ake hura wa iska kuwa wani likitan dabbobi ne, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa a Belfast, ya kuma yi rajistarta cikin 1888. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, na kuma ji daɗinsa ƙwarai. Daga nan wani ya ce ai ƙarin albashin Udoji na 1974 shi ne ya kashe darajar keke, domin kowane ma'aikaci sai ya koma neman babur. Wani ya ce a'a, tun da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972 hanya ta rikice. Kafin ka ce kwabo an shiga farashin fetur, daga fetur aka faɗa siyasa, daga siyasa aka zarce ƙwallon ƙafa.

Ana cikin haka sai ga wani yaro mai tallan kayan keke. Ya baje madubai, da ƙaho mai batir, da rigar sirdi mai geza, da abin maƙala wayar hannu, da ƙananan fitilu masu launi waɗanda ake ɗaura wa taya. Nan take majalisa ta koma kaina. Wannan ya ce madubi biyu ya fi kyau, wancan ya ce dattijo kamata ai sai da ƙaho. Na ga keken mahaifina yana ƙyalli a idona. Da aka kira sallar magariba, saura Naira 1,500 a aljihuna, keke ya sha ado kamar dokin Sallah, birki kuwa yana nan yadda na kawo shi. Babu wanda ya amsa tambayata, ni ma da na yi ta na manta da ita.

Sau biyu ina komawa rumfar a makonnin da suka biyo, kuma kowane zuwa da niyyar birki nake fita daga gida. Amma zancen duniya daɗi gare shi. A zuwa na biyu aka yi ta gardama a kan wane mai ya fi dacewa da sarƙa har duhu ya yi. A na uku ni da bakina na tayar da zancen tsadar wake.

Ran wata Talata cikin watan Yuni na 2024 aka yi ruwa da rana. Ina komowa daga Bodija, na biyo wata gangara ta wajen Mokola, hanya a jiƙe. Sai ga wata yarinya 'yar makaranta, ba ta wuce shekara bakwai ba, ta fito daga bayan wata mota da ke tsaye. Na matsa birki biyu har yatsuna suka haɗu da kan keken, amma keke ya ci gaba da gudu kamar ban taɓa shi ba. Na danna ƙahon nan mai batir, ya yi ƙara sosai, yarinya kuwa ta firgita ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Babu abin da ya rage sai na karkata na faɗa cikin kwata. Na dafa ƙasa da hannun dama, na ji ƙas a wuyan hannun. Kaina ya bugi bakin siminti, Allah ya taimake ni rauni ne kawai na fata. Yarinyar ko ƙwarzane ba ta yi ba, kuma har yau in na tuna abin da zai faru da na same ta, sai barci ya ƙaurace mini.

Mai aikin rubutu da karyayyen hannun dama, ai an san halin da zai shiga. Mako shida ɗana ne yake bina kasuwa, ina faɗa yana rubutawa, ya bar nasa aikin. Kuɗin asibiti ya ninka abin da na kashe a kan ado sau da yawa, balle a kwatanta shi da kuɗin robar birki. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Ina kwance a gida Baba ya zo duba ni. Bayan ya yi mini sannu sai ya zaro waɗansu abubuwa guda huɗu daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Robobin birkina ne, sun cinye har ƙarfen ciki ya fito. Ya ce, "Malam, ka yafe mini. Ka yi tambaya, na kuma ji ka da kunnena, amma na bari surutu ya binne ta." Na ce, "Haba Baba, ai ni ne mai keke, ni ne kuma mai kuɗin. Babu wanda ya ɗaure mini baki." Muka yi shiru, kowa ya san rabonsa na laifin.

A wannan zama ne ya koya mini abin da ya kamata in ji tun ranar farko, ni kuma ga shi ina isar muku. Idan mai keke yana da kuɗi kaɗan, to birki ne farko. A jikin robar birki akwai 'yan tsagogi, da zarar sun shafe roba ta ƙare. In an matsa hannun birki bai kamata ya taɓa kan keke ba, in ya taɓa to waya ta saki ko roba ta cinye. Birkin gaba shi ne ya fi tsai da keke, domin nauyi gaba yake komawa in an taka birki, amma a matsa shi a hankali tare da na baya don kada mutum ya wuntsila. Ruwa yana rage kamun roba, musamman a kan rim na ƙarfe mai sulɓi, saboda haka in ana ruwa a soma rage gudu tun daga nesa.

Bayan birki sai taya. Girman kowace taya a rubuce yake a gefenta. Irin kekunan iyayenmu yawanci inci 28 ne, na hawan tudu na gwanjo galibi 26, na tsere kuwa za a ga an rubuta 700. Bakin da ake hura iska ma iri uku ne, kuma ba kowane famfo ne yake shiga kowanne ba. Haka nan sarƙar keke mai giya ta fi ta marar giya siranta. Saboda haka Baba ya ce kada mutum ya je kasuwa da kwatance, ya cire tsohon abin ya tafi da shi a hannu.

Na uku fitila, fara a gaba, ja a baya, domin direba ya san ko kana zuwa ne ko kana tafiya. Fitilu masu launi barkatai irin waɗanda na saya ba su gaya wa direba komai. Na huɗu hular kwano wadda ta zauna daidai a kai, a kuma ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa. A nan ya ja kunnena game da ta gwanjo, domin hular da ta taɓa shan bugu mai tsanani takan tsage daga ciki ba a gani, ta gama aikinta ke nan. Sa'an nan famfo da kayan faci da makulli. In an gama waɗannan duka kuɗi ya ragu, to mutum ya yi ado yadda ransa yake so, babu mai hana shi. Wannan bayani duka bai ɗauki Baba minti 15 ba. Mu kuwa mun shafe yammaci uku ba mu kai gare shi ba.

Da na warke na koma rumfar, sai na tarar an sake tsari. Baba ya kafa doka cewa duk wanda ya zo da tambaya a kan kekensa, ba a buɗe wata hira sai an amsa masa, an kuma gyara abin da ya kawo shi. In wani ya soma kawo zancen Raleigh da Phoenix, sai Baba ya buga sifana a jikin ƙarfe ya ce, "A sallami mai tambaya tukuna." Da farko waɗansu sun ji haushi, har mai gadin nan ya yi mako biyu bai zo ba, yana cewa an mai da majalisa kotu. Amma ya dawo, kuma hirar ba ta mutu ba. Malamin makaranta yana nan yana ba mu tarihi, ana nan ana gardamar ƙwallo, sai dai kowane abu da lokacinsa.

Abin da na gane shi ne, mai yin tambaya amana ya ɗora wa waɗanda ya tambaya. In suka bar tambayarsa suka kama abin da yake yi musu daɗin faɗa, sun sallame shi hannu wofi alhali yana zaton ya ƙaru. Wannan cuta kuwa ba a rumfar keke kaɗai take ba. Sau nawa ake kiran taron unguwa a kan rijiya ko kwata, a watse ba a ambaci rijiyar ba? Shi ma mai tambaya wajibi ne ya riƙe tambayarsa da kyau, ya maimaita ta ko da za a ce ya cika naci, domin shi ne zai hau keken ya bi gangara, ba 'yan majalisa ba.

Keken yana nan ina hawa. Na cire gezar da fitilun taya na ba jikokina suna wasa da su, na bar madubi guda domin yana da amfani. Kullum da safe kafin in ɗora ƙafa a kan feda sai na matsa birkin gaba da na baya na tura keken, kamar yadda mahaifina yake yi. Ina roƙon duk mai keke da ya karanta wannan, kafin ya fita gobe ya yi haka nan. In keken ya motsa, to ya san abin da zai fara saya.

Allah ya kiyashe mu da sharrin hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.