Kwalkwalin da Muka Ƙera da Kwalin Taliya

Mu shida ne 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma mu ne muka ƙera kwalkwalin nan da ake ta tambaya a kansa tun ranar al'adu. Wasu sun ce daga fada muka aro shi, wasu kuma sun ce sayo shi aka yi. Ko ɗaya babu. Kwalin taliya ne da tsofaffin jaridu da sitaci.

Wasan da muka shirya na mayaƙan da ne. Malamin tarihi ya koya mana cewa tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali a ƙasar Kano. Har yau idan ka je kallon hawan sallah za ka ga 'yan lifidi da kwalkwalinsu mai gashin jimina a sama. To amma kuɗin ƙungiyarmu bai kai na hayar kaya ba. Aka ce mana ko dai jarumin wasan ya fito da hular gida, ko kuma a soke wasan. Wa ya taɓa ganin barde ya tafi yaƙi da hular sallah?

A wayar yayan ɗaya daga cikinmu muka ga cewa a Japan da Amurka har manyan mutane suna yin shigar jaruman fim, irin su Iron Man, kuma da yawansu da hannunsu suke haɗa kayan. Suna kiran abin kosfile. Muka ce in har su za su iya yin na jaruman fim, mu ma ai za mu iya yin na kakanninmu.

Da farko mun ari tef ɗin tela muka auna kan wanda zai sa kwalkwalin, daga goshi a zagayo ta saman kunne. Ya ba mu santimita 54. Muka ƙara santimita 4 saboda soson da za a liƙa a ciki. Sai muka hura balan-balan har kewayensa ya kai 58, muka ɗora shi a bakin bokiti don kada ya yi ta gangarawa. Muka yanki kwali mai faɗin yatsa uku muka naɗa a tsakiyarsa, wannan shi ne bakin kwalkwalin.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne liƙa takarda. Mun dama sitacin rogo da ruwan sanyi, sannan muka zuba tafasasshen ruwa muna juyawa, kamar yadda masu wanki da guga suke yi. Mun sa gishiri cokali ɗaya don kada ya yi fumfuna. Jaridar kuwa da hannu ake yaga ta, ba da almakashi ba, domin bakin takardar da aka yaga ya fi kwantawa lumui. A tsoma a sitaci, a share da yatsa biyu, a shimfiɗa. Layi biyar muka yi, kuma kowane layi sai ya bushe ƙamas kafin a ɗora wani. Idan aka yi gaggawa, waje zai bushe ciki yana jiƙe, daga baya ya lotsa. Allah ya taimake mu lokacin hunturu ne, iska tana busar da layi ɗaya a wuni guda. Layin ƙarshe da farar takarda muka yi shi don kada rubutun jarida ya fito ta ƙarƙashin fenti.

Da ya bushe muka fasa balan-balan ɗin da allura. Duk mun yi tsit, muna tsoron kada ya rushe. Sai ga shi ya tsaya da kansa, har ana ƙwanƙwasa shi kamar ƙwarya. Muka goge shi da sanfefa, muka ɗaura ƙaramin gwangwanin tumatir a ƙololuwarsa da waya, muka shafa fenti ruwan azurfa a waje inda iska take kaɗawa. Gashin jimina ya fi ƙarfin aljihunmu, don haka muka cika gwangwanin da gashin wutsiyar zakara. Soson tsohuwar katifa ya shiga ciki, igiyar tsohuwar jakar makaranta ta zama maɗaurin haɓa, ɗaya daga cikinmu kuma ta ɗinka jan ƙyalle ya sauko ta kunnuwa da ƙeya. Kwana tara muka yi, kullum bayan an tashi. Balan-balan da sitaci da fenti kaɗai muka saya.

A kwanakin farko an sha yi mana dariya, ana ce mana 'yan bola saboda muna bin shaguna muna roƙon kwali. Abin ya yi mana zafi, har mutum ɗaya ya so ya bari. Amma wasan bai soku ba, kuma darasin kewayen da'ira da muke jin tsoro a ajin lissafi, a kan balan-balan muka gane shi.

Muna jan kunnen ƙannenmu 'yan aji ɗaya da abu biyu. Kada wanda ya riƙe reza ko ya taɓa ruwan zafi sai da babba a kusa. Sannan wannan kwalkwali na wasa ne, ba hular kwano ba ce. Ba ya kare kai a kan babur ko keke, dutse ɗaya ma zai huda shi.

Muna da roƙo ga shugaban makaranta da malamanmu. Yanzu haka kwalkwalin yana kan kabad ɗin ajinmu, kuma ɓera da kyankyaso suna son sitaci, ga damina tana tafe. A taimaka mana da akwati ko wani lungu a ofishin malamai inda za mu riƙa ajiye kayan wasa. Zango mai zuwa muna so mu yi garkuwa da rigar lifidi. Duk mai tsohuwar jarida ko kwali a gida, ya kawo mana ajinmu ranar Laraba lokacin tara. Mai son koyo ma ya zo da balan-balan ɗinsa, za mu nuna masa.

Daga 'yan aji biyu, ƙungiyar wasan kwaikwayo.