Tsohuwa da Ciyawar Bakin Teku

A gaɓar tekun ƙasar Niyu Zilan akwai wata ciyawa da Maworawa, 'yan asalin ƙasar, suke kira pingawo. Dangin aya ce, sai dai ita ba a neman ƙwayarta, ganyenta ake so. Wata tsohuwa masaƙiya takan ɗauki jikarta zuwa tudun rairayi don su yanko shi, kuma kowace shekara tafiyar sai ta ƙara nisa.

Pingawo ba ta son ƙasa mai taki. Wurin zamanta shi ne tudun da ke fuskantar teku, inda iska mai gishiri take kwasar rairayi dare da rana. Jijiyarta doguwa ce kamar igiya, tana rarrafe cikin yashi. Idan rairayi ya binne ta sai ta ƙara tofo. Da haka take tara tudu mai kwanciya, wanda yake tare igiyar ruwa ba tare da ya daskare ba. In kuwa rairayin ya daina motsi, to ita ma ta fara ja da baya ke nan.

Nan ne matsalar take. A ƙarshen ƙarni na 19 Turawa suka kawo wata ciyawa daga Turai, maram, don ta tsayar da rairayi. Ta kuwa tsayar da shi, har ta mamaye wuraren pingawo, zomaye da dabbobin kiwo da gobara suka ƙarasa abin da ya rage. Yanzu sai a wurare kaɗan, irin su Kaitorete a tsibirin kudu, ake ganinta da yawa.

Shi ya sa tsohuwar ba ta yarda a tuge ba. Takan riƙe hannun yarinyar ta ce, "Yanka za ki yi, jikalle, ki bar tsakiyar." Ganyen yana da kaushi, yana iya yankar yatsa, amma idan ya bushe a inuwa sai ya koma ruwan zinariya ba tare da rini ba. Da shi ake saƙa jaka da hula da tabarma, da kuma adon bangon zauren taro da ake kira tukutuku.

A tatsuniyarsu, girar Tane ce, ubangijin dawa, wadda ya miƙa wa Tangarowa na teku don sulhu, shi kuwa ya watso ta gaɓa. Tsohuwar takan ba da wannan labari suna komawa gida, ɗan damin da suka samu yana hannun yarinyar.