Jan Tubalin Borno: Daga Dandal Zuwa Kufan Ngazargamu

Baƙon da ya sauka Maiduguri, in ya miƙe Dandal ya fuskanci gabas, abin da zai tsare masa ido shi ne fadar Shehun Borno, da jan tubalinta da hasumiyar agogo bisa ƙofa. Da yawa sukan ɗauka Turawa ne suka kawo wannan irin gini, tun da yake garin Yerwa bai kafu ba sai 1907, zamanin Shehu Abubakar Garbai. To, ba haka ba ne. Barebari sun san gasa tubali ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya taka ƙasarsu.

Dalili kuwa a ƙasa yake. Filin da ya kewaye Tafkin Chadi yashi ne da laka, mutum ya yi tafiyar yini bai tsinci dutsen da zai jefi kare ba. Sarkin da ke son gini mai daɗewa ba shi da abin fafewa, sai ya kwaɓa laka ya sa mata wuta.

Irin wannan larura ta sami mutanen Bengal, a gabashin Indiya. A wasu sassan ƙasar, masu addinin Hindu da dutse suka yi ɗakunan bautarsu. Na Konark, wanda aka gina wajen 1250, an sassaƙa shi kamar keken doki mai ƙafa 24, dawaki bakwai na ja. Amma Bengal ƙasar fadama ce, saboda haka sarakunan Bishnupur, a ƙarni na 17, suka koma ga tubali, suka lulluɓe bango da gasassun siffofin gumaka da mayaƙa da namun daji. Maginan Borno Musulmi ne, ba su ɗora sura a bango ba. Gwanintarsu tana ga jeri da kauri.

Mai son ganin asalin abin sai ya bar Maiduguri ya yi arewa maso yamma, zuwa gabashin Gaidam, cikin Jihar Yobe, kusa da Kogin Yobe. Nan kufan Birnin Ngazargamu yake, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15 bayan gidan Saifawa ya baro Kanem. Ganuwar ta ƙasa ce, ta yi zobe, mai ƙofofi biyar. A tsakiya ne ake samun tubalin, watau inda fada take. Ɗan nesa kaɗan, a bakin ruwa, ga Gambaru, fadar da baka ke cewa Magira Aisa, mahaifiyar Mai Idris Aloma, ita ta gina ta. Limamin Mai ɗin, Ahmad Ibn Furtuwa, ya rubuta cewa ubangidansa ya tarar da masallatai na ciyawa, ya rushe su ya sāke gina su da ƙasa.

An daɗe ana jingina sana'ar ga Turkawan da Idris Aloma ya yi hulɗa da su. Sai dai haƙan da masana suka yi a Tie, cikin Kanem ta ƙasar Chadi, ya fito da ginin gasasshen tubali da ya girmi Ngazargamu kanta. Ashe da kayansu suka yi ƙaura.

Birnin ya faɗi a 1808 a hannun Gwani Mukhtar, lokacin jihadi. Shehu Laminu ya taimaka aka ƙwato shi, amma ba a jima ba aka sāke cinye shi, aka watse. Ko da Manjo Denham ya ratsa ta wurin a 1823, kango ya tarar.

Ɗakunan Bishnupur suna tsaye, hukuma na tsaronsu. Na Borno kuwa sun zama tudu, ƙaya ta rufe. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya hana masu bincike zuwa shekara da shekaru, damina kuma ba ta fasa aikinta ba. Ita ma fadar Yerwa ba ta tsira ba: a watan Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye Dandal ta shiga har cikin gidan Shehu.