Yadda lambar 404 ta kusa kunyata ni a Unguwar Tudu

Labarin da zan ba ku na wasu kwanaki huɗu ne da na yi ba barci, saboda alkawarin da na ɗauka tun ban auna nauyinsa ba.

Ni ɗan Unguwar Tudu ne a ƙaramar hukumar Gwarzo. Bayan na gama sakandare na tafi Kano koyon rubuta manhajar kwamfuta da yaren da ake kira Java. Da na dawo hutu da damina, sai na tarar da abin da na baro yana nan. Ƙarshen zango malamai su rubuta sakamakon jarrabawa da hannu, a ba yaro takarda ya kai gida. Wata ruwa ya jiƙa ta a hanya, wata kuma mai ita ya ɓoye don jan biro ya yi yawa. Iyayen da suka tafi neman kuɗi Kano ko Legas ba sa ganin komai.

Na je wurin shugaban tsohuwar makarantarmu na ce, "Yallaɓai, zan iya yin shafin da uba zai rubuta lambar ɗansa da kalmar sirri a waya, ya ga sakamako duk inda yake." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ashe zai sanar a taron iyaye da malamai cewa ranar Juma'ar da za a ba da hutu kowa zai duba sakamako a wayarsa. Kafin magariba maganar ta zaga gari, har ana tsayar da mahaifina a ƙofar masallaci ana yi masa barka.

A kwamfutata komai ya tafi daidai. Amma shafin da ke cikin kwamfutarka kai kaɗai kake ganinsa. Kafin jama'a su gani, sai an ɗora shi a kan uwar garke, wato babbar kwamfutar da ba a kashewa dare da rana, wadda take haɗe da intanet. Mallakar uwar garke kai kaɗai akwai tsada, don haka na biya kuɗin ta haɗaka da abin da na samu daga buhun masarar da na noma. Uwar garken haɗaka kamar gidan haya take a birni: kowa da ɗakinsa, amma famfo ɗaya, mita ɗaya, kuma ɗan haya ba ya fasa bango don ya ga dama.

Bari in bayyana yadda aikin yake. Manhajar da na rubuta ta ƙunshi ƙananan sassa da ake kira sabilet. Sabilet ɗan aike ne: ya karɓi lambar ɗalibi, ya shiga rumbun bayanai, ya dawo da sakamako. Akwai kuma wata manhaja ta kyauta mai suna Tomcat, ta gidauniyar Apache, wadda take tsaye a bakin ƙofa tana karɓar baƙi tana haɗa su da 'yan aiken. Tomcat tana gane wanda za ta kira ne ta hanyar wani fayil mai suna web.xml, da ake ajiyewa a jakar WEB-INF. A cikinsa ake rubuta sunan kowane ɗan aike da adireshin da za a neme shi.

Ranar Litinin na ɗora aikin. Shafin farko ya buɗe, har na yi hamdala. Na rubuta lambar gwaji, na danna, sai ga 404. Ma'anar wannan lamba ita ce an isa gidan, amma ba a sami abin da aka zo nema ba. Na goge, na sake ɗorawa, 404. Sabis ɗin intanet a wajenmu sai an lallaɓa, ga rashin wuta, don haka ranar Talata na hau babur zuwa cikin Gwarzo na zauna a shagon caji. Sau tara na sake ɗora abu ɗaya ban canza ko harafi ba, ina zargin masu uwar garken a raina.

Da la'asar na kira wani yayana a Kano da ya riga ni shiga wannan fanni. Ya ce, "Karanta mini adireshin da ke saman shafin, harafi da harafi." Ina cikin karantawa na ga ɓarakar da idona. A kwamfutata manhajar ita kaɗai ce a gida, don haka adireshin ɗan aiken /duba ne kawai. A gidan haya kuwa Tomcat ta ba ta ɗaki da sunan fayil ɗin da na ɗora, adireshin ya koma /sakamako/duba. Ni kuma na kafe tsohon adireshin a cikin fom ɗin, ina ta aika baƙi tsakar gida maimakon ɗakina.

Na gyara, na danna. Sai ga 500. Wannan kuma tana nufin an sami ɗan aiken, amma wani abu ya lalace a ciki. Na sake kira, murya na rawa: "Yaya, ta ƙara lalacewa." Ya yi dariya ya ce, "Ai ci gaba ka samu. Ka buɗe kundin rahoto?" Ban taɓa buɗewa ba. Tomcat tana rubuta duk abin da ya faru da ita a wasu fayiloli, irin su catalina.out, kuma masu gidan sun ba kowane ɗan haya hanyar duba nasa rahoton.

Daren Laraba na zauna da fitilar waya ina bin layukan Turanci masu tsawo, ruwa na zuba a kan kwano. Sau biyu na rufe don tsoro. A karo na uku na bi a hankali, sai na ga layin da ke cewa ba a sami jakarta.servlet ba. Wannan suna kuwa shi ne a saman kowane sabilet da na rubuta.

Dalilin yana da tarihi. Kamfanin Sun Microsystems ne ya fitar da Java a 1995, aikin James Gosling ɗan ƙasar Kanada da abokan aikinsa. A 2010 kamfanin Oracle ya sayi Sun. A 2017 Oracle ya miƙa ɓangaren Java na manyan ayyuka, wanda sabilet ke cikinsa, ga gidauniyar Eclipse, amma ya riƙe haƙƙin sunan Java. Saboda haka daga baya aka sauya sunan javax zuwa jakarta. Tomcat ta 9 ta san javax ne kawai, ta 10 kuma jakarta. Ni ta 10 na sauke a kwamfutata don ita ce sabuwa, gidan hayar kuwa ta 9 suke da ita. Sun ma rubuta haka ƙarara a saƙon farko da suka turo mini, ni ne ban karanta ba.

Na so in nemi su canza mini zuwa ta 10. Yayana ya ce, "Don kai kaɗai za a rushe ɗakunan maƙwabta?" Gaskiya ya faɗa, domin manhajojin sauran masu haya a kan ta 9 aka gina su. Ni ne baƙo, ni zan bi tsarin gida. Ranar Alhamis na mayar da kowane jakarta zuwa javax, na gyara kan web.xml ya dace, na sauke Tomcat ta 9 na gwada a kwamfutata tukuna, sannan na ɗora. Bayan sallar isha'i sakamakon gwaji ya fito a wayar ƙanwata.

Ranar Juma'a wani uba da ke aiki a Legas ya kira shugaban makaranta yana tambayar me ya sa ɗansa ya faɗi lissafi. Shugaban ya juyo ya ce da ni, "Ka ga aikinka ya fara jawo mana magana." Muka yi dariya.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu kafin in rubuta layi ɗaya, sai na tambayi irin Tomcat da irin Java da ke kan uwar garken, in girka irinsu a kwamfutata. In kuskure ya fito, ba na taɓa komai sai na karanta shi har ƙarshe, kuma abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda don in san wanda ya yi magani.

Ku da ke aji yanzu, wannan ɗabi'a ba sai kun mallaki kwamfuta za ku fara ta ba. Idan aka dawo muku da takardar jarrabawa, kada ku tsaya a kan makin da ke sama ku ninke ta. Ku bi jan biron malam layi-layi. Kundin rahotonku ke nan, kuma yawanci amsar tana ciki.