Lauyan da ya fara da tambayar uwa

Rubutunmu na wannan mako daga Dangoma ya fito, a ƙaramar hukumar Kalgo ta jihar Kebbi.

Matar baffanmu, wadda muke kira Inna, a Gaya ta Nijar aka haife ta. An kawo ta gidanmu amarya tun ba a haifi yawancinmu ba, ta goye mu, ta aurar da wasunmu. Ba mu taɓa yi mata kallon baƙuwa ba sai da 'ya'yanta suka haɗa mata kuɗin kujerar Makka. Wajen cike takardun fasfo aka tambayi mahaifarta, ta faɗi gaskiya, aka ce ta koma gefe.

Shawara ta yi yawa a gida. Wasunmu suka ce a rubuta Kalgo kawai, wa zai bincika? Inna ta ce ba za ta je ɗakin Allah da ƙarya a jaka ba. Sai muka kai ta Birnin Kebbi wurin wani lauya da aka ce ya san harkar shige da fice.

Ya faɗa mana da shari'ar gado ya fara aiki. Amma a jihar da ta yi iyaka da Nijar da Benin, sau da yawa sai ya tarar rabin magada suna tsallake, har maganar zama ɗan ƙasa ta zama sana'arsa.

Mun zaci littafi zai buɗe. Sai ya gyara zama ya ce, "Inna, a ina aka haifi mahaifiyarki?"

"Kamba, ɗan nan. Aure ya kai ta Gaya."

Muka dubi juna. Shekara da shekaru muna cin tuwonta, babu wanda ya san haka a cikinmu.

Ya yi mana bayani dalla-dalla. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba baƙo damar zaman kwana 90 ba biza, amma ba ta mai da shi ɗan ƙasa, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba matar ɗan Najeriya damar neman rajista, hanya mai tsawo. Shi kuwa sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a waje, in uba ko uwa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun haihuwa. Ya tuna mana Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno, wanda aka kora zuwa Chadi a 1980, kotu a Maiduguri ta tabbatar ɗan Najeriya ne. Shi ma mahaifiyarsa 'yar Borno ce.

Magana ta rage ga hujja. Ya tura mu Kamba neman kawun Inna domin takardar rantsuwa, da shaidar asali daga ƙaramar hukumar Dandi. Da ɗayanmu ya ƙiyasta shekarar haihuwar tsohuwar, lauyan ya ajiye biro ya ce, "Abin da ba zan iya karewa gaban alƙali ba, ba na rubuta shi."

Kafin takardu su kammala an rufe karɓar maniyyata. Wasunmu sun ji haushinsa, suka ce da an rubuta Kalgo da tuni ta tafi. Inna ba ta ce uffan ba. Shekarar da ta biyo ta sauke farali, fasfonta ɗauke da sunan Gaya.

Mu da muke kiran kanmu marubuta, mun daɗe muna shirin rubuta labarin Inna, har mun tsara babi-babi. Tambaya ɗaya ta lauya ta nuna mana ba mu san ta ba. Yanzu mun ajiye babin. Kullum bayan la'asar muna zaune bakin tabarmarta da littafi, tana ba mu labarin Kamba.